Wasiƙa Mai Dangwalen Lalle

Shagari,
9 ga Oktoba, 1983

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Innarka Hajjo tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma bakin rijiya tana faɗa da masu ɗibar ruwa. Baffa Ɗanmalam ma yana gaishe ka. An gama yankan gero, bai yi auki ba don ruwa ya ɗauke da wuri, yanzu sun koma fadama shirin albasa. Sabulu ya yi wuya, sandar da ka bar mana na yanka ta gida shida.

Baƙon da muke jira ya fara motsi. Kai kaɗai na faɗa wa, shi ma don a takarda ne. Da kana gabana ba zan iya ba.

To, sai ƙorafi. Wasiƙarka layi bakwai ce, na ƙirga. Ni kuwa huɗu na aika maka, kowace gaba da baya. A littafin da Malama Asabe ungozoma ta ara mini, saurayin da ya tafi birni shafi shida yake rubutawa, alhali shi ko auren ba a ɗaura ba. Kada ka ce na yi rashin kunya. Kafin ka zama maigidana taubashina ne kai, kakarka ƙanwar kakana ce, ina da ikon yi maka tsiya har tsufa.

Kuma ka faɗa mini gaskiyar aikin da gwamnati ta tura ka Ikko ka koyo. Inna ta ji na karanta kalmar direba a takardarka, yanzu tana gaya wa mutane mota kake koyo.

Taka,
Ummulkhairi

Ikko,
24 ga Oktoba, 1983

Ummulkhairi, taubashiyata mai ƙirgen layi,

Na sami wasiƙarki, na yi murna da jin lafiyarku. Maganar baƙo kuwa, sau uku na karanta ta ina tsaye. Allah ya kawo shi lafiya. Ki gaida Inna da Baffa da kyau. Ni lafiya lau, sai dai abincin nan barkono ya fi shi yawa.

Ki gaya wa Inna ba mota ba ce. Akwai kwamfuta a nan mai girman kabad biyu, an haɗa ta da 'yan'uwanta na wasu garuruwa ta wayar tarho. A cikinta akwai wani kati, shi ne ƙofar da saƙonni ke shigowa. Aikina in rubuta umarnin da zai koya wa na'urar yadda za ta yi da ƙofar nan. Umarnin ne ake ce wa direba.

Duk sa'ad da saƙo ya iso, katin yakan buga mata ƙararrawa, ba irin wadda kunnen mutum ke ji ba. Dole ta saki abin da take yi, ta je ta karɓa, ta jefa a kwando, ta dawo. In saƙo ɗaya ne ko biyu, ba komai. In suka yi yawa kuwa, sai ta wuni tana zaryar ƙofa, kafin ta zauna an sake bugawa. Kwando ya cika ba ta buɗe ko ɗaya ba, sababbi su yi ta zubewa. Ga ta tana ta fama, ga aiki a tsaye. Haka nawa ya yi ranar Talata a gaban malaminmu, na ji kamar in nutse.

Maganinsa shi ne, da ƙararrawa ta farko ta buga, na'ura ta toshe kunnenta na ɗan lokaci, ta rubuta a jadawalinta cewa akwai aikin ƙofa, ta gama abin da ba ya katsuwa, sannan ta kwashe saƙonni da yawa a tafiya guda, ta buɗe kunne. Ƙararrawa ɗaya ce kawai ba a toshewa, ta ɗaukewar wuta, don in ba ta ji wannan ba, duk abin da ke hannunta ya tafi.

Yanzu ga roƙona, kada ki yi fushi. Awa biyu kawai ake ba kowa a kan na'urar kullum. Wasiƙunki uku suke zuwa a mako, ana miƙo mini su ina tsakiyar aiki, in na buɗe kuwa hankalina ya tafi Shagari ke nan sai gobe. Zan riƙa ajiye su a aljihun tebur, in karanta duka ranar Juma'a bayan masallaci, in ba ki amsa mai tsawo. In abin gaggawa ya taso, ki dangwali lalle da babban yatsa ki buga a bayan ambulan. Mai wannan alama, ko me nake yi zan buɗe ta nan take.

Naki,
Maniru

Shagari,
8 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa, duk muna lafiya. Inna ta ce a gaya maka ta fahimta, kai mai gadin ƙofa ne. Na karanta mata wasiƙar gaba ɗaya ban da layin baƙo, ta sa na maimaita wurin ƙararrawa sau biyu.

Ni kuwa kwana biyu na yi ina fushi. Wato ni ce mai damun mutane da bugu? Ni za a sa a aljihun tebur tare da ƙusoshi da tsofaffin takardu? Na yi kuka kaɗan, na ɗauki littafi, yarinyar ciki ma kuka take yi, sai muka yi tare.

Rana ta uku ina tuƙa tuwo aka yi sallama a ƙofa. Ka san in an zuba gari ba a sakin muciya, in ka saki ya yi gudaji. Na yi kamar ban ji ba har na gama. A nan na gane na'urarka, na huce. Amma bari in gaya maka abin da ko malaminku zai yiwu bai sani ba. Mai tuƙi ba ta daɗewa, kuma ko tana tuƙin takan ɗaga murya ta ce tana zuwa. In ta yi shiru har tuwo ya huce, mai sallama ya tafi, gobe kuma gari ya ɗauka cewa matar wane ba ta amsa sallama.

Ka ga dangwale a bayan wannan. Kada gabanka ya faɗi, ba abin da ya faru. Na ƙunsa lalle ne jiya, ya kama sosai, na ce ba zai yiwu ya goge ba ka gani ba. Kuma ai kewa ma gaggawa ce. Duk littafin da na karanta haka ya nuna.

Taka,
Ummulkhairi

Ikko,
12 ga Disamba, 1983

Ummulkhairi,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Baffa. Ina fata ke da baƙo kuna lafiya. Maganar tuwo na gaya wa malaminmu, ya yi dariya ya ce ke ya kamata a turo. Ya ce haka ne, toshe kunne gajere ake so.

Amma taubashiya, kin ci amanar lalle. Huɗu ke nan masu dangwale. Ta farko kewa, na yafe. Ta biyu mafarki kika yi na dawo a kan raƙumi. Ta uku don ki gaya mini an yage shafin ƙarshe na littafinki, ba ki san ko sun yi aure ba. Ta huɗu ta same ni ina bin sawun wani kuskure da na yi mako guda ina nema. Na ga jan yatsa, na fita waje na buɗe, sai na tarar tambaya ce ko har yanzu ina son kunun gyaɗa. Ina so. Amma kafin in dawo an ba wani kujerar. Malaminmu ya ce in kowace ƙararrawa ta zama babba, to babu babba ke nan.

Ana ta raɗe-raɗin za a rage masu kwas saboda halin da ƙasa ke ciki, wanda aikinsa bai tashi ba shi za a fara sallama. Don haka daga yau duka za su shiga aljihun tebur, masu lalle da marasa lalle. Juma'a kuwa alkawari ce, ba za ta wuce ban karanta ba. Kwana shida ne mafi tsawon jira, me zai faru a kwana shida?

Ki zauna wurin Inna kamar yadda na bar wa Baffa, in na dawo a watan Maris ni da kaina zan kai ki gida Bodinga.

Naki,
Maniru

Shagari,
14 ga Janairu, 1984

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma canjin mulkin nan bai taɓa karatunku ba. A nan gari ya yi tsit, kowa yana magana ƙasa-ƙasa, motocin da ke zuwa da sun daina. Inna tana gaishe ka. Albasar Baffa ta yi kyau bana, sai dai man injin ban ruwa ya gagara. Akuyar Inna ta haifi biyu. Na karɓi faɗanka, ka yi gaskiya, na yi mako uku ban taɓa lalle ba.

Yanzu na taɓa, kuma wannan karon ba wasa ba ne.

Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, zoben da ka ba ni sai da sabulu aka cire. Kaina yana ciwo kullum. Malama Asabe ta gwada ni sau uku, ta ce jinina ya hau, kuma irin wannan yana iya kayar da mace lokaci guda, ita da abin da ke cikinta. Ba ta da maganinsa a nan. Ta ce in koma Bodinga wurin su Baba yanzu, inda mota ke samuwa ko yaushe zuwa babban asibiti a Sakkwato, kada a jira Maris.

Inna ta aika wa Baffa cewa ba na jin daɗi, ana so in je gida. Ka san shi da riƙon magana. Ya ce, "Yaro ya bam mini amana, yac ce shi za ya kai ta da kainai. Ba ni tashe maganatai sai da bakinai." Ni ba zan iya tsayawa gaban Baffa in yi zancen ciki ba, ka sani. Inna ma tun rasuwar mahaifinka ba ta taɓa shiga zauren Baffa ba.

Layi ɗaya nake so, ka rubuta wa Baffa cewa ka yarda. Ko layi bakwai ɗinka ban nema ba. Na ƙirga, kwana goma zuwa, Juma'a ɗaya, kwana goma dawowa. Zan iya jira.

Taka,
Ummulkhairi

Shagari,
3 ga Fabrairu, 1984

Maigida,

Ina gaisuwa. Yau Juma'a, na zauna ina tunanin ko yanzu kana jawo aljihun teburin.

Malam Yahaya na makarantar firamare ya je gidan waya sau biyu saboda ni, babu komai. Ta Disamba ce ta ƙarshe da na samu daga gare ka. Na daina karatu, layukan suna rawa, wani lokaci ina ganin ƙyalli kamar ƙudaje masu haske. Malama Asabe tana zuwa kullum, ta daina yi mini wasa.

A littattafai in namiji ya yi shiru, wata ya samu. Na gwada wannan tunanin, bai zauna ba, na san ka. Na fi tsoron kana nan lafiya lau, kana aiki, ni kuwa ina cikin tebur.

Na dangwala biyu a bayan wannan. Ban san abin da ya fi haka ƙara ba.

Ummulkhairi

Ikko,
21 ga Fabrairu, 1984

Ummulkhairi,

Na yarda, ki tafi Bodinga yau. Ga takardar Baffa a ciki. Ban sa wannan a gidan waya ba, na je kasuwa na sami Tukur na Lambara da ya kawo albasa, gobe da safe motarsa za ta juyo, ya rantse zai miƙa hannu da hannu.

Ban san ko kina da rai kina karanta wannan ba. Allah ya sa. Bari in faɗi abin da na yi, ba don neman uzuri ba.

Bayan canjin mulki aka rage mana wuta, aka sake jadawali, awa biyuna na ranar Juma'a suka koma bayan masallaci. Na ce zan karanta Asabar. Asabar aka sa mana darasi. Ban sake sa wata rana ba, na riƙa jefawa a tebur ina cewa gobe.

A makonnin nan na'urar ta fito da sabon ciwo. Ta daina zaryar ƙofa, amma can sai ta yi shiru, saƙonni na zuwa ba ta karɓa, ba ta kuma nuna alamar komai ya lalace. Yau na gano. A umarnin da na rubuta, in ta toshe kunne ta je ta tarar kwando ya cika, sai ta juya ta wata hanya, a wannan hanyar kuwa na manta ban rubuta mata ta buɗe kunnen ba. Layi ɗaya ne ya ɓace. Daga nan ta kurumce ke nan, ita kuwa a ganinta lafiya, ba mai sallama. Ina rubuta layin sai hannuna ya tsaya. Na tashi na bar kujerar da sauran awa guda, na je na jawo aljihun tebur. Takwas na tarar. Ta sha huɗu ga Janairu ma sai da na wuce albasa da akuya kafin in kai ga maganar.

Na nemi izinin tahowa, an ce wanda ya tafi kafin gwajin sha biyar ga Maris ya bar aikinsa. Ki aiko da kalma ɗaya ta hannun Tukur, in taho, aikin ya tafi.

Daga yau babu tebur, babu lalle. Kowace wasiƙa ta zo zan buɗe nan take in karanta layin farko, wannan ba ya cin lokaci. Ke kuma ki sa babbar magana a layin farko, kafin gaisuwa, ko da ba ladabi ba ne. Sauran sai in ajiye zuwa lokacin da na natsu.

Ki yafe mini.
Maniru

Bodinga,
27 ga Fabrairu, 1984

Mace ce, tana da rai, ni ma ina da rai, kada ka taho sai ka yi gwajinka.

Ka ga na bi doka. In kana kan na'ura, ninke takardar ka sa a aljihun riga, ba na tebur ba.

To, tunda na san ba ka ninke ba, ga yadda aka yi. Ranar tara ga wata da hantsi ina shara sai na ga tsakar gida ta rabu biyu, na zauna a ƙasa. Inna ta dube ni, ta ɗauki mayafi ta nufi zauren Baffa, yana tare da mutane. Malama Asabe ta bi ta, ita ta ba ni labari. Wai ko gaisuwa Inna ba ta gama ba ta ce, "Malam, yarinyag ga ciki gare ta wata takwas, jininta ya hau, in ba a kai ta asibiti yau ba mutuwa za ta yi. Shi yaron da kake jira, da bakinai yac ce akwai ƙararrawad da ba a toshe ma kunne. To wagga ita ce."

Baffa ya miƙe har carbinsa ya faɗi. Ya ce, "Subhanallahi! Hajjo, wata guda kuna ce mini ba ta jin daɗi. Wa ka jin daɗi bana? Mi ya hana ku faɗi haka tun farko?" Shi da kansa ya tsaya bakin titi ya tare motar albasa daga Kajiji, ya sa aka sauke buhu shida don in sami wurin kwanciya, ya hau baya da tsufansa. Ba mu ma tsaya Bodinga ba, sai Sakkwato. Washegari aka yi mini aiki. Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu, da wani zancen ake yi.

Tana da ƙanƙanta ƙwarai, amma tana da murya. Baffa ya tsaya a madadinka ranar suna, an sa mata sunan Inna. Ya sa an rubuta maka tun muna asibiti, ina jin kun yi saɓani a hanya. Da Tukur ya kai masa takardarka ya sa aka karanta masa, ya ce a gaya maka izininka ya iso, an gode, yarinya ta yi mako biyu a duniya.

Maganar yafiya. Na yi fushi da kai a gadon asibiti, fushi na gaske, ba irin na littafi ba. Sai na tuna wadda ta ɓata lalle a kan kunun gyaɗa, ta kuma ɓoye ranta a bayan akuya. Kai ka manta layi ɗaya, ni na sa nawa a ƙasa, Inna ta rufe nata da kunya. Na yafe, kai ma ka yafe. Amma tsiya kam sai na yi maka ita har tsufa, a gaban 'yarka.

Ka gyara na'urarka da kyau. In da hali ka sa mata agogo, ko ta manta ta toshe kunne, lokaci-lokaci ya tashe ta ta leƙa ƙofa.

Yanzu sai gaisuwa, tunda ta koma ƙarshe. Ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya barkonon Ikko? Baba da Innata Balaraba suna gaishe ka. Inna Hajjo tana nan tare da mu, ita ke dafa ruwan wanka, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Ba komai a bayan ambulan, ka gani. Wannan ɗan ƙaramin dangwalen da ke ƙasan sunana kuwa ba nawa ba ne, na 'yarka ne. Ba ta gaggawa, ta ce za ta jira har sha shida ga Maris. Kwana ɗaya ba za ta ƙara ba.

Taka,
Ummulkhairi